Yadda Za Ka Yi Lacca a Jami'a Kan Harshen da Ba Ka Ji

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, don ba lallai ta sake samun wuri ba: ban iya Kristang ba, harshen kakannina na bakin tekun Melaka. Kalma goma sha tara na sani. Takwas na abinci ne, shida zagi, sauran na addu'a, su ma ban rantse ba. Duk da haka shekara huɗu a jere wata jami'a a Kuala Lumpur tana gayyatata in yi wa ɗaliban nazarin al'adun ɗan Adam bayani kan harshe, launin fata da asali. Ka bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari kai ma za ka samu kujera mai laushi da ruwan gora.

1. Ka bar su su raɗa wa sana'arka suna

Ni hoton biki nake ɗauka: ango matso, amarya karkato kai. A takardar gayyata, malamar ajin, Dakta Noraini, ta rubuta "mai fasahar gani". Ban musa ba. Kai ma kada ka musa.

2. Ka fara da fom

Ka je da fom na hukuma, mai gidajen nan huɗu: Malay, Sin, Indiya, Sauransu. Ka ɗaga shi sama ka ce, "Ni Sauransu ne." Sai ka yi shiru, ka ƙirga biyar a zuci. Za ka ji alƙaluma sun kama gudu. Ba sai ka ƙara da cewa a gidanku fifita ake yi da fom ɗin ba.

3. Ka sa kaya

Baƙar hula mai faɗi da jar falmaran. Ana aro wajen samarin da ke yi wa 'yan yawon buɗe ido rawa. In an tambaya ka ce, "Gado ne." Kakana dai da zani da singileti ya yi rayuwarsa, yana tura raga a ruwa yana kamun jatan lande, amma singileti ba ta kyau a hoton jami'a.

4. Ka yi tsimin kalmominka

Kada ka zubar da su rana ɗaya. Ka faɗi guda, ka kalli taga, ka ce, "Ba ta fassaruwa." Na lura duk abin da bai fassaru ba ya fi kwarjini. In tambaya ta yi tsauri, ka mayar wa mai ita: "Me ya sa kake son sani?" A wannan sashen ana kiran haka zurfi.

5. Ka kiyayi mai zama a layin gaba

Tawa sunanta Kalaivani, tana rubuta kundin kammala karatu, rikoda kullum a hannu.

"Kawu Aloy, ka yi mana jimla ɗaya mana. Ko 'ina kwana, yaya jiki'."

"'Yata, harshe ba famfo ba ne da za a murɗa ya zubo."

"To a gidanku wa ake murɗawa?"

Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi, kuma cikin dariyar bakina ya suɓuce na ce, "Goggona Filomena." Ta rubuta. A nan kujerata ta fara rawa. Darasi: kada ka yi dariya a gaban mai rikoda.

6. Ka tsare ƙofar goggonka

Ka ce kunnenta ya yi nauyi. Ka ce ba ta son baƙi. Ka ƙara da hawan jini. Duk na faɗa. Abin da na manta shi ne motar Melaka awa biyu ce, kuma ɗalibai ba sa aji ranar Asabar.

Wata Asabar na je gidan Goggo cin abincin rana, na tarar da Kalaivani a baranda, miyar debal mai barkono ta sa ta hawaye, rikoda a kunne, Goggo mai shekara tamanin da uku tana zuba tun hantsi.

"Yauwa, ga farfesan hular aro," in ji Goggo. "Aloy, zo ka gaishe da baƙuwa da harshenmu."

Na buɗe baki, kalma ta fito. Ta abinci ce.

"Kin ji ko? Shekara hamsin da biyu, abin da ya iya ke nan, neman ƙari."

"Goggo, shi fa ya ce kunnenki ya yi nauyi," in ji Kalaivani.

"Nawa? Tun daga bakin titi nake jiyo ƙaryarsa. Yana can yana yi muku kukan harshe zai mutu, harshen kuwa yana nan yana soya masa kifi. Tambaye shi ko sau ɗaya ya taɓa zama ya ce, Goggo, yaya ake cewa kaza."

Na ci abincina. Sai da na ƙara.

7. In asiri ya tonu, ka mai da shi darasi

Ka riga ɗalibar zuwa ofis. Na ce wa Dakta Noraini, "Rashin iyawata ai shi ne ainihin abin nazarin." Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallona, ta ce wannan magana ce mai nauyi ƙwarai, har ta rubuta a littafinta. Na fito ina taku ɗai-ɗai.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne don kansa. Babu ruwana da abin da zai same ka daga ɗalibai, ko masu hula in sun zo karɓar kayansu, ko wata tsohuwa da ke jin magana daga bakin titi.

Bana ma an yi zaman, ranar Laraba da ƙarfe goma. Goggo Filomena aka gayyata. Ni na kai ta, na jira a mota.