Jakar Iskar da Na Ɗora wa Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da idona ya fara sauka a kai da na shiga filin makaranta ran nan shi ne layukan gudu. Da toka aka ja su, kuma wata akuya ta riga ta bi ta kan na tsakiya ta bar sawunta. Ni irin abin da nake gani ke nan. A aji ba na magana, sai dai kallo, shi ya sa idan na buɗe baki ƙawata Rifkatu take ɗauka na daɗe ina nazari.

Rifkatu 'yar wani ƙauye ce a wajen Ngaski, tana zaune gidan gwaggonta a Yelwa saboda makaranta. Gudu gare ta kamar ba ta taka ƙasa. Ranar za a zaɓi yarinya ɗaya da za ta wakilci makarantarmu a Birnin Kebbi, garin da ba ta taɓa zuwa ba, har ta ari jakar tafiya ta ajiye. Matsalarta ɗaya: in ta yi nisa da gudu sai wani abu ya soke ta a ƙarƙashin haƙarƙari.

To ni ce na samo mata magani (Allah ya yafe mini).

Inna kifi take sayarwa, ni nake taya ta gyarawa. Duk wanda ya taɓa feɗe karfasa ya san wata farar jaka mai iska da ke cikinta, wadda yara ke takawa ta yi ɗas. Ina ƙarama Kakana, wanda ya tsufa a kwalekwale, ya ce mini kowane mutum yana da irinta, amma tawa ƙarama ce, don haka kada in kuskura in shiga tafki. Na riƙe maganar nan shekara da shekaru ban taɓa juya ta ba. Da Rifkatu ta kawo kukanta sai na haɗa lissafina: tana haki da baki buɗe, iska tana cika jakar, jakar tana tokare haƙarƙari. Na ce ta rufe bakinta gam, ta riƙa jan iska kaɗan-kaɗan ta hanci. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na gyaɗa kai a hankali, irin na manyan likitoci.

Aka busa usur. Rabin farko tana gaba, leɓɓanta a manne kamar an ɗinke. Daga nan na ga kafaɗunta sun fara ɗagawa, idanunta sun firfito. Yaran da take wucewa kullum suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kai ƙarshe ba ta durƙusa a kan toka.

Malama Hajara, mai koya mana motsa jiki, ta yi mata fifita da mayafi har numfashinta ya dawo, sannan ta tambaye ta wa ya ce ta yi gudu baki rufe. Rifkatu ba ta faɗi sunana ba. Kallona kawai ta yi, duk filin ya bi idonta.

Malama ba ta yi faɗa ba (da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi). Ta tambaye ni dalili, na ba ta labarin jakar iska. Ta aika aka ɗauko babban hoton nan na cikin jikin mutum da ke rataye a ofis, wanda nake wucewa kullum ina lura da yagewar gefensa. Ta ba ni sanda ta ce in nuna jakar. Na bi huhu, na bi zuciya, na sauka hanta, na koma huhu. Har bayan takardar na leƙa.

"Wa ya gaya miki?" in ji ta.

Na ce Kakana.

"Kakan naki ya taɓa feɗe mutum?"

Dariyar da aka yi har masu sayar da rake a bakin ƙofa sai da suka juyo. Malama ta jira aka lafa, ta nuna mana huhu da naman da ke ƙarƙashinsa mai taya shi aiki, ta ce tsoka in tana aiki iska take nema, mai gudu ba ya rowar numfashi. Ta ce kafin ka ba wani shawara a kan jikinsa, ka tambayi kanka ina ka samo ta, kuma wanda ya ba ka ita ina ya gani. Kafin a tashi sunana ya koma Likitar Karfasa.

Sunan bai dame ni kamar jakar aron nan da Rifkatu za ta mayar ba. Na dai gane cewa yin shiru ba ilimi ba ne, kuma abin da ka gani a cikin kifi, na kifi ne.

Da aka watse na tsaya a ƙofar ofis ina murza bakin hijabina, har Malama ta ɗago. Na ce mata:

"Malama, don Allah a bar ta ta sake gudun gobe. Wannan na yau ni na faɗi, ba ita ba."