Shugabar Ƙasa Mai Koren Filas

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ranar da na rusa ƙasa guda saboda hassada, ƙasar kuma ta ruguzo a kaina a gaban malamai 'yan uwana.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare mai zaman kanta a Federal Low-Cost, nan Gombe. Shekara bakwai a jere ni nake rubuta wasan kwaikwayon da ɗalibai ke yi ranar raba kyaututtuka. Iyaye su tafa, a kira sunana a lasifika, in miƙe ina ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. (Gaskiyar magana, wasannin duk abu ɗaya ne: yaro ya ƙi karatu, ya lalace, ya yi nadama. Sunan yaron kawai nake canzawa.) Ba albashi ake ƙara mini ba, amma wannan tafin na shekara-shekara shi ne abin da nake taƙama da shi a makarantar.

Sai aka ɗauki Madam Rifkatu, 'yar Kaltungo, ta koyar da labarin ƙasa. Mace ce mai wushirya, tana rataye tabarau da igiya a wuya, kuma ba ta rabuwa da wani koren filas na kunun gyaɗa. In tana bayani, ko da firinsifal take magana, sai ta rufe da, "Kun gane ko ba ku gane ba?"

Wata rana bayan an tashi ta tare ni a bakin ɗakin malamai da takardu a hannu.

"Malam, don Allah ka duba mini wannan," in ji ta. "Na ɗan gwada rubuta wasa ne. Hausata ba ta kai taku ba, kada in je in ji kunya."

Na karɓa ina murmushin manya. A cikin keke na fara karantawa, a hanyata ta komawa Gabukka, kuma sai da mai keken ya wuce kwanar gidanmu da nisa kafin na ɗago kai.

Labarin wata ƙasa ce wai ita Garmasa, shekara ɗari nan gaba. Ruwa ya ƙafe. Kowace jiha ta ja shinge ta tsare rijiyoyinta, daga nan kowane gari ya ja nasa, har ta kai mutum ba zai je gaisuwar mutuwar ƙanwarsa a unguwar gaba ba sai ya nuna takardar izini. Ba yaƙi, ba harbi, ƙasar dai ta yi ta zubewa a hankali. Saura wani tsohon masinja, Baba Garba, wanda kullum safiya yake zuwa sakatariyar da kowa ya watse ya bari, ya ɗaga tuta. Da tutar ta yage ya yi mata faci da rigarsa. A ƙarshe jikarsa ta tambaye shi, "Kaka, wannan tutar ta wace ƙasa ce?" Ya buɗe baki, ya rasa amsa. Shi ke nan wasan.

Na so in ce bai yi kyau ba. Na sake karantawa da jan biro ina farautar kuskure, na samu guda biyu rak, ɗaya ma ban tabbata kuskure ba ne. Wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ni da na yi digiri a kan harshen nan, malamar taswira ta zo ta rubuta abin da ko a mafarki ban taɓa hangowa ba. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Washegari na mayar mata na ce, "Ba laifi, Madam, amma da sauran aiki." Ta yi ta godiya har da ɗan rusunawa.

Da firinsifal ɗinmu, Mista Bulus, ya ji bana masu rubutu sun fi ɗaya, sai ya kawo tsarin da yake bi a kan komai don gudun a ce ya yi son kai. Kowa ya buga nasa ba suna, a zuba a kwalin alli. Ranar Alhamis a ɗakin malamai, wanda ya nuna ya zaro ɗaya ya karanta da ƙarfi, sannan a ɗaga hannu. Wanda ya fi hannuwa shi ɗalibai za su yi.

Na san in na kawo yaron da ya ƙi karatu na kaɗe. Don haka Asabar da Lahadi na baje a tabarma a ƙofar ɗaki na rubuta tawa rugujewar ƙasar. Na zuba jirage marasa matuƙa, na zuba mutum-mutumi masu bindiga, na tashi birane uku da bam tun a shafin farko. Sai na ga ai ƙasa ba ta rushewa haka kawai, sai da mugun shugaba. Na ƙirƙiro wata azzalumar shugabar ƙasa. (Wallahi a lokacin na ɗauka ƙirƙira nake yi.) Ina rubutu ina dariya ni kaɗai, har matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Abban Amira, lafiya kuwa?" Na ce mata ilhama ce ta sauko.

Ranar Alhamis mu goma sha tara muka hallara. Takardu uku ne a kwalin. Wasa na ukun na malamin lissafi ne, a kan muhimmancin wanke hannu, kuma tun Litinin ya gama gaya wa kowa nasa ne. Shi aka fara karantawa, aka yi hamma aka wuce.

Mista Bulus ya nuna ni. Na zura hannu, na zaro Garmasa. Raina ya yi fari. Na ƙudurta zan karanta shi salam-salam, kamar mai sanarwar ɓatan akuya, yadda ba wanda zai ji daɗinsa. Haka na fara. Amma labarin ya fi ƙarfina. Kafin tsakiya ɗakin ya yi tsit, ni kaina na manta da shirina, kuma da na zo tambayar jikar nan muryata ta sarƙe. Na ce ƙurar alli ce. Ba wanda ya kula ni, kowa na neman abin share ido.

Saura takarda ɗaya a kwali. Mista Bulus ya duba ɗakin ya ce, "Madam Rifkatu, bismillah."

Sai a lokacin na fara tuna abin da na rubuta.

Ta ajiye filas ɗinta a kan tebur, ta saka tabarau, ta fara. Bama-baman sun wuce lafiya. Sannan ta iso shafi na biyu, ta karanta da muryar nan tata ta aji:

"Sai ga Shugaba ta fito, muguwar mace mai wushirya, tabarau na rataye da igiya a wuyanta. A hannunta akwai koren filas, wanda a cikinsa ta ɓoye ruwan ƙasar na ƙarshe."

Ta dakata. Idanun mutum goma sha bakwai suka juya kan filas ɗin da ke tebur. Ni kuwa takalmina nake kallo, kamar ranar na fara ganinsa. Madam ta buɗe filas ɗin, ta tsiyaya kunu a murfi, ta kurɓa, ta ci gaba.

"Shugaba ta dubi talakawa ta ce, daga yau na haramta ruwa, na haramta dariya. Kun gane ko ba ku gane ba?"

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Mun gane, Madam."

Malamin motsa jiki ya zamo daga benci don dariya. Mista Bulus ya rufe fuska da rajista, kafaɗunsa na rawa. Na fara lallashin kaina cewa ai ba suna a takardar, wa ya san nawa ne? Na manta da shafin ƙarshe. A nan ne wanda ya ceci ƙasar ya bayyana: wani dogon malamin Hausa, kyakkyawa, mai hula zanna, wanda duniya ba ta san darajarsa ba. Madam ta karanta wannan a hankali, kalma-kalma, tana duban hular da ke kaina ta saman tabarau. (Ban ma da tsawo. Wannan ƙarin ni na yi wa kaina.)

Aka ɗaga hannu. Garmasa ta samu goma sha bakwai, har da nawa da na ɗaga iya kunne. Malamin lissafi ya zaɓi kansa. Nawa wasan ya samu hannu ɗaya tal, na Madam Rifkatu.

"Ni ko monita ban taɓa zama ba," in ji ta. "Malam ya ba ni ƙasa sukutum, ai dole in gode."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan an watse na same ta ina ta in-ina, na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, amma akwai sharaɗi: ba ɗalibin da zai iya fitowa a Baba Garba, kuma ta ji yadda na karanta shi. Haka ranar raba kyaututtuka na shafa alli a gemu, na tsaya a gaban iyaye riƙe da tuta mai faci, na buɗe baki na rasa amsa. Tafin da aka yi ranar ban taɓa jin irinsa ba a shekara bakwai, kuma sunanta aka kira a lasifika.

Matata tana can baya da yara, hayaniya ta hana ta jin sanarwar. A keke muna komawa ta dafa hannuna, idonta jajir, ta ce, "Abban Amira, duk wasannin da ka rubuta ba kamar na bana. Ashe ilhamar gaske ce."

Sai da muka wuce kwana biyu, na kwanar hanya nake nufi, ina riƙe da yabon nan a baki ban haɗiye ba, sannan na ce mata ba ni na rubuta ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Hassada ba ta barin mutum ya ƙirƙiri komai, hoton wanda yake jin haushinsa kawai take sa shi zanawa. Har yau in na tuna Baba Garba nakan ji wannan abin a ƙirji, ban warke ba. Sai dai yanzu in na zauna rubuta mugu, nakan fara dubawa ko yana riƙe da filas.