Baban Kujera

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Kusada gyaran kwamfuta ba. Ni malamin makaranta ne a Kankiya, ilimina na kwamfuta bai wuce buga jarrabawa ba, amma bakina ya riga ya gaya wa Binta, wadda nake nema, cewa babu na'urar da ta gagare ni. Ita kuwa ta kwashe ta kai wa mahaifinta. Saura mako guda iyayena su je neman aure, sai ga saƙo wai Baba, mahaifin nata, yana nemana.

Baba ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba. Na tube takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce hotunansa na aikin Hajji suna cikin babbar kwamfuta a ɗakin Hajiya, uwar Binta, yana so su dawo laftof ɗinsa ta falo don ya riƙa nuna wa baƙi. Ɗansa ya haɗa kwamfutocin biyu da rauta, na'urar da ke sada su da juna, kafin ya koma makaranta, amma yanzu sun daina ganin juna. Na ce da filash ai aikin minti biyu ne.

"Filash ba shi ƙara shiga kwamfutata," in ji shi. "Shi ya kawo cutar da ta cinye mani takardu bara."

Kwamfutar da ke da matsalar tana ƙuryar ɗakin surukata, ni kuwa ko labulen tsakar gida ban isa in ɗaga ba. Dole na kira Binta a waya, a gaban ubanta, ina tambayarta abin da take gani (ko sunanta na kasa kamawa, sai "ke" da "ɗan duba"). Laftof ɗin Baba ta ga sunan babbar kwamfutar, amma da na danna sai ta nemi kalmar sirri. Muka sa sunan Baba, ta ƙi. Muka sa na Hajiya, ta ƙi. Na kashe rauta na kunna, na sake kashewa na kunna. Baba yana jan carbi yana kallona, ni kuma ina ganin aurena yana zamewa a hankali.

Da tsoro ya kai tsoro, sai dabara ta faɗo mini. Na ciro tawa laftof daga jaka, na haɗa ta da rautar gidan, na buɗe folda don Binta ta zubo hotunan daga can. Mai hankali sabuwar folda zai yi. Ni kuwa da garaje, babbar foldata na buɗe wa kowa, mai ɗauke da duk tarkacena. Na ce mata, "Jawo kowane fayil gefenki ki buɗe, mu ga ko hanya ta samu."

Hanya kuwa ta samu. Daga cikin gida, ta manyan sifikun nan na babbar kwamfuta, na ji muryata tana cewa, "Baba, barka da hutawa, an wuni lafiya?"

Bari in yi bayani, ko da yake ba zai wanke ni ba. Tsoron Baba ya sa kwanaki kafin nan na ɗora hula a kan kujera a ɗakina, na kunna kamara, ina gwajin gaisuwa don in ga yadda durƙusona yake. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na riƙa komawa bayan kujerar ina amsawa da muryar Baba, har da gyaran muryar nan tasa mai kamar tashin tsohon babur. Wannan bidiyon ne Binta ta jawo ta buɗe.

Na rufe laftof da ƙarfi, amma aikin gama ya gama, fayil ya riga ya sauka can, da umarnina. Ga labule taku kaɗan daga inda nake, kunya ta hana ni ratsa shi. Na ji Baban bogi ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, na yaba da hankalinka. Na ba ka Binta, ka ɗauka kyauta!" Sai wata gwaggonta da ta zo daga Yashe ta rangaɗa guɗa, mata suka kwashe da dariya, ana cewa a maimaita.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai ina jiran a ce in tashi in bar gidan. Can Baba ya yi gyaran murya, irin ta cikin bidiyon sak.

"Malam, haka nike yi?"

"A'a, Baba. Allah shi huci zuciyarka."

"To mi ya rage mani, tunda wancan ya riga ya ba ka ɗiyar? Maza ka kawo mani hotunana."

An yi aure, ba kyauta ba. Na kuma koyi abu biyu: kada ka buɗe folda ba ka leƙa cikinta ba, kuma kada ka yi cika baki a gaban wadda ta yarda da kai. Har yau in na je Kusada na durƙusa, Baba yakan cire hularsa ya ɗora a kan kujera, fuska a murtuke, ya ce, "Fara gaishe shi tukuna, shi ne babba."

Kuma nakan gaishe shi.