Sunan Jikan Mirza Tafazzul

"Rabin jariran Lahore ni na raɗa musu suna. Iyayensu awaki kawai suka yanka."

Da wannan maganar Mirza Tafazzul yake buɗe baki kowace safiya a shagon shayin bakin layinmu, nan Samanabad. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na sha ta har ta ginshe ni. Mirza marubucin wasan talabijin ne, irin mai dogon zangon nan da matanmu suke barin miya ta ƙone a kansa. Gajere ne mai tumbi, gashinsa ya sha lalle har ya yi jajir, kuma ko ana zafin da kwalta ke narkewa ba ya rabuwa da mayafin ulu a kafaɗa, wai haka manyan marubuta suke yi. A gabansa muna ce masa Mirza Sahib. In ya juya baya kuwa, Zakara, saboda jan kai da yawan cara.

Yana da doka a kan sunaye, kuma ba sai ka tambaye shi ba.

"Direba, kuku, mai gadi, ɓarawo, waɗannan ka ɗebo musu a kasuwa kamar albasa. Aslam, Bashir, Parvin, duk wanda hannunka ya faɗa a kai. Amma jarumi? Jarumi sai na zauna na ƙera masa suna da kaina, wanda kunnen ɗan Adam bai taɓa ji ba."

Mai shayin sunansa Aslam. Na lura kofin Mirza kullum ya fi na kowa ruwa.

In za a yi adalci, akwai ɗan ƙanshin gaskiya a cikin cika bakin. Wata shekara can baya wata jarumarsa ta yi farin jini, aka sa wa 'yan mata sunanta nan da can. Tun ranar kansa ya kumbura, har yau bai sace ba.

To, sai ga sabon wasa. Jarumin ɗan masu kuɗi ne, kyakkyawa, ba ya wuce sallah, yana sumbatar hannun uwarsa safe da yamma, ko ƙuda ne ya faɗa masa a shayi sai ya tsamo shi ya ba shi haƙuri. Sunansa Zarmiran.

Na ce, "Mirza Sahib, Farisanci ne?"

"Ya fi Farisanci."

"Me yake nufi?"

"Ma'ana daga baya take zuwa. Kai dai ka ji yadda yake zama a baki."

An fara nuna wasan ke nan sai Rubab, matar ɗansa Tauqir, ta haifi namiji. Jikan fari. Mahaifin Rubab, Chaudhry Inayat, ya taho daga gonarsa a Okara da tulun man shanu da buhun shinkafa. Dogon mutum ne mai furfurar gashin baki, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Ya ce a tambayi liman ya zaɓa wa yaron suna mai sauƙi.

Mirza ya yi dariya har mayafin ya zame.

"Chaudhry Sahib, a gidan da ake raɗa wa ƙasa suna za a je aron suna a masallaci? Sunansa Zarmiran. Nan da shekara asibitoci za su cika da Zarmiran, amma jikana ne na asali, sauran duk kwaikwayo."

Matarsa, Kishwar Begum, ta leƙo daga bakin ƙofa. "Baban Tauqir, ka bari a ga ƙarshen wasan mana."

"Ni ne ƙarshen wasan, Begum."

Tauqir kuwa tun da aka haife shi amsarsa ɗaya ce: "Yadda ka ce, Abba ji." Haka ake kiran uba cikin ladabi a wurinmu. Aka yanka awaki, aka aske kan yaro, sunan ya zauna.

Yanzu ka sani, abokina, irin waɗannan wasanni ba a gama rubuta su kafin a fara nunawa. Ana dafawa ana ci ne. Mai tashar yana kallon yawan masu kallo, marubuci yana kallon fuskar mai tashar. Yaron bai kai ga fara murmushi ba sai Shaikh Pervez, mai shirya wasan, ya kira Mirza ofis. Mirza da bakinsa ya ba ni labarin, don ko kunyarsa ce ba ya iya riƙe ta a ciki.

"Mirza Sahib, jaruminka yana sa mutane barci."

"Natsuwa ce, Shaikh Sahib."

"Barci ne. Matata ma ta koma wata tasha. Mace ba ta yini a tsaye gaban murhu don ta zo ta kalli miji nagari. Wanda za ta zaga take so, tana murza gurasa tana tsine masa. Daga mako mai zuwa Zarmiran mugu ne. Duk kirkin nan na baya munafunci ne."

Mirza ya ce gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Amma ya tattaro dabara.

"Ga mafita. A ba shi ɗan tagwai da ya ɓace tun yana jariri. Shi zai yi ta'asar. Mu sa masa Aslam."

"Aslam?" Shaikh Pervez ya ajiye kofinsa. "Ka san yawan Aslam a ƙasar nan? Bara da ka mai da Bashir ɓarawon waya, direbana ya yi mako bai gaishe ni ba, surukina ya ƙi zuwa bikin 'yata, don duk sunansu ke nan. Shi ya sa nake son Zarmiran. Ba shi da dangi, ba shi da ƙungiya, babu mai zuwa ya yi mini ƙorafi. Duk faɗin ƙasar nan babu mai wannan suna."

"Akwai mutum ɗaya."

"Wa?"

"Jikana."

"Yana kallon talabijin?"

Mirza ya dawo layi yana huci, amma kafin ya kai shagon shayi har ya sake zama Zakara. Ya jawo ni gefe.

"Zan koya musu hankali. Zan rubuta muguntar da ba za ta nunu ba. In mai tashar ya karanta, da kansa zai durƙusa ya roƙe ni in maido yaron hanya."

Ya zauna ya zuba. Zarmiran ya sayar da gidan uwarsa tana ciki tana sallar walha. Ya kwashe gwala-gwalan auren ƙanwarsa ya yi cacar tseren doki. Ya saki matarsa ta waya tana kan gadon asibiti. Da ya ga kamar bai isa ba, sai ya sa shi ya sayar da filin kabarin da ubansa ya tanada wa kansa, ga mutum biyu daban-daban.

Shaikh Pervez ya karanta, ya taso ya rungume shi, ya sumbace shi a jan kan nan.

"Ashe zinariya kake ɓoye mana shekara da shekaru."

Wasan ya kama wuta. In lokacinsa ya yi, layinmu tsit, ba ka jin komai sai tsinuwa tana fitowa ta tagogi. Masu riksha, keken haya mai ƙafa uku, suka fara rubutawa a bayan kekunansu: Allah ka tsare mu da ɗa irin Zarmiran. Uwa in yaronta ya saci sukari, sai ta ce, "Ka fara ko, Zarmiran?" Mahauci in ya tauye awo, Zarmiran. Har wani ɗan akuyan Aslam mai shayi, da ke tunkuyin uwarsa, ya samu sunan.

Mirza ya ce, "Kun gani? Na ce muku sunan zai cika gari."

Ya cika kam. Sai dai duk tsinuwar da aka yi, da Aslam aka yi wa, da ta rabu a kan dubban mutane, kowa ya samu ɗan ƙwaya bai ma ji ba. Wannan kuwa gida ɗaya ta sani.

Ranar da Rubab ta kai yaron allurar rigakafi, ɗakin cike yake da mata. Ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira sunan. Kowa ya juyo. Wata ta janye ɗanta daga kusa da ita. Wata tsohuwa ta tofa a gefe, ta ce, "'Yar nan, me jaririn ya yi miki?" Rubab ta dawo gida ta shige ɗaki. Ta katanga na ji kukanta, kuma wallahi ranar ban yi dariya ba. Yarinyar ta ba ni tausayi ƙwarai.

Kishwar Begum ta tare mijinta a tsakar gida, ludayi a hannu.

"Baban Tauqir, ka kashe shi."

"Wa?"

"Ɗan iskan da ka haifa da alƙalami. Ka kashe shi ko in daina dafa maka abinci."

Wannan barazanar ta shige shi. Ya yi ta sintiri ofishin Shaikh Pervez, har dai aka tatse wasan tas, aka yarda. Mirza ya dawo yana taƙama.

"Zan ba shi mutuwar da za ta wanke sunan. Zai tuba, zai nemi gafarar uwarsa, ƙasa duka za ta yi kuka. Ku tanadi tsumman share hawaye."

Tuban ya rubuta shi dogo, da waƙe da komai. Tashar ta yanke shi ta sa tallan man girki. Abin da mutane suka gani kawai, babbar mota ta bi ta kan Zarmiran.

Ban taɓa ganin layinmu cikin murna irin ta ranar ba, ko da Idi. Aka fito da ganga. Mai kayan zaƙi ya sayar da komai har da gutsattsarin ƙasan tire. Mata a kan rufin gidaje suna yi wa juna barka: "Zarmiran ya mutu, Allah ya ƙara masa nauyin ƙasa." Wata baiwar Allah, ko mantuwa ce ko iya shege, ta aiko da farantin kayan zaƙi har gidan Mirza.

A lokacin yaron yana kwance da zazzaɓi, uwarsa tana riƙe da shi tana jin duk abin da ake faɗa. Gari na wayewa ta haɗa kayanta ta tafi Okara. Saƙon da ta bar wa Tauqir gajere ne: yaron ba zai sake shiga gidan nan da wannan suna ba.

A wurinmu, in jariri ya cika ciwo, tsofaffi cewa suke sunan ya yi masa nauyi, sai a sauke masa a ɗora wani. Kishwar Begum ta ce wannan ba nauyi ba ne, gini ne ya faɗo wa yaro. Mirza ya yi kwana da kwanaki yana cewa camfi ne. Amma gidan ya yi shiru, shimfiɗar jaririn tana naɗe a lungu, na sha ganinsa yana tsaye yana kallonta. Yana son yaron, wannan ba zan ƙwace masa ba. Daga ƙarshe ya aika a zo a yi magana.

Aka taru a falonsa bayan la'asar: Chaudhry Inayat, limamin layinmu, Tauqir, da ni a matsayin shaida. Rubab ta biyo mahaifinta bisa sharaɗin ranar za a sauke sunan, tana ciki wurin surukarta da yaron. Ina shiga na ga Mirza ya sha sabon lalle, ya gyara mayafi, na san ba lafiya.

"Jama'a, kuskure aka yi, kuma ba nawa ba ne, na tasha ne. Amma kada ku damu. Na ƙera wani wanda ya fi na farko. Shahzarvan. Shi ne jarumin wasana na gaba, kuma wannan karon..."

Daga cikin gida aka ji faɗuwar tukunya.

Chaudhry Inayat ya shafa gashin bakinsa a hankali.

"Mirza Sahib, mu manoma ne, ilimin suna naka ne. Amma kafin ka ba mu mafi kyau, ka nuna mana mafi muni, don mu san abin gudu. Wane suna ne ba za ka taɓa sawa a wasanka ba?"

Ba a taɓa yi wa Mirza tambayar da ta yi masa daɗi irin wannan ba. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tambaya mai kyau. Ka ga ko sunayen talakawa suna da daraja hawa-hawa. Aslam yana tuƙi. Bashir yana gadi. Rafiq yana kawo shayi ya fita. Duk suna da amfani."

"Wanda ba shi da amfani fa?"

Mirza ya lumshe ido yana lalube, sai ya yamutsa fuska kamar ya taka kashin shanu.

"Karam Din. Ka ji shi? Warin turke yake yi. Sunan mai yankan ciyawa. Ko almajirin maƙeri ne a wasana ba zan ba shi ba, kai, ko jaki ne."

"Ko an matsa maka?"

"Ko mai tasha ya yi kuka da hawayen jini."

"Ko mugu? Ko ɓarawo?"

"Chaudhry Sahib, ga liman nan zaune. Na rantse da Allah, alƙalamina ba zai taɓa rubuta Karam Din ba har in koma ga Mahaliccina."

Chaudhry ya juya ga liman. "Ka ji rantsuwar?"

"Na ji."

"To ɗaga hannu ka yi addu'a. Tauqir, je ka ɗauko Karam Din."

Mirza ya miƙe, mayafin ya faɗi ƙasa. "Chaudhry Sahib, jikana ne fa."

"Shi ya sa. Duk ƙasar nan, a cikin wannan suna ne kaɗai alƙalaminka ba zai same shi ba."

Mirza ya juya ga ɗansa, neman ceto na ƙarshe. Tauqir ya riga ya kai bakin ƙofa. Ya waiwayo cikin ladabi, kansa a sunkuye.

"Kai ka zaɓa, Abba ji."