Baƙon Jamus da Ƙosan Kakarsa

"Lafiya lau, lafiya lau. Ina ƙosan?"

Haka Dona Zuleide ta katse gaisuwar jikanta Edivan. Ina ɗakina ina jin su, don bango ɗaya ne tsakaninmu a nan Salvador. A Jamus Edivan ya girma, rabonsa da garin tun yana goye, sai ga shi ya faɗo daidai bikin Karnabal, na kiɗa da rawa a tituna da ake yi duk shekara. Tun hantsi ta aike shi sayen ƙosai, bai dawo ba sai la'asar, ganguna na ta tashi a titin gangare.

"Ga shi, tsohuwa."

"Wannan ƙosai ne ko mota ce ta bi ta kansa?"

"Mutanenki ne suka matse ni. Garin nan kowa ya zautu, har masu furfura."

"Kai dai ka ce Jamus ta lalata min miji. An ce an gan ka manne da bango kamar ƙadangare."

"Wa ya ce? Ke da ko taga ba kya buɗewa."

"Kunne ya girmi kaka, balle jika."

"To na yi rawa. Wata ma har hannuna ta kama."

"Falwaya ta zace ka, za ta dafa ta gyara takalmi."

Edivan ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Magana ta yi min ban gane ba. Kafin in ce ta sake, taro ya tafi da ita. Kaka, titi cike, kowa na rera waƙa ɗaya, ni kaɗai ne ban san ko baiti ba. Mai ƙosan ma da Turanci ta yi min sannu."

Na ji tsohuwar tana buɗe takardar ƙosan.

"Baƙo makaho ne ko da idonsa," in ji ta. "Ga shi ka manta da yaji."

"To ke 'yar gari mai ido, me ya hana ki fita?"

"In fita da wa? Kakanka ya riga ni gaba, uwarka ta kwashe ku ta tsallaka teku. Ƙawayena duk suna maƙabarta, can kuwa ba a kiɗa."

"Ki zo mu tafi Jamus."

"In je in daskare kamar kifin firji? Ranar Laraba dai ka hau jirginka, ka bar ni da kujerata. Ita ba ta taɓa yin fasfo ba."

"Laraba da sauran tafiya. Yau kam ba zan koma titin nan ni kaɗai ba."

"Tsoro?"

"Kunya. Ƙato kamata, a ce matata na gida tana gadin kujera. Ko da yake na san dalili, ƙafar ce ta mutu, bakin kawai ya rage."

"Ƙafar wa? Da ita na yi rawa har gari ya waye ina da cikin uwarka."

"Labari. Gani ya kori ji."

Dona Zuleide ta yi dariya har ta sarƙe. Na daɗe ban ji irin ta daga ɗakin nan ba.

"Ka ci gari, ɗan banza. Duba ƙarƙashin gado ka jawo min farin takalmina, ka karkaɗe shi da kyau. In na faɗi ka ɗauke ni. In kai ka ɓata kuwa, wallahi ban san ka ba."