Shafin Shanun Kawu Sale

Ko da na so in manta da wannan Juma'ar, mutanen garinmu Lajawa ba za su bar ni ba.

Lokacin wani dogon yajin aikin jami'a ne na shiga horon koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, a wani bene kusa da gadar Wudil. Sati shida cur. Aka ba mu satifiket mai zanen zinare (har yau ban ga takardar da ta kai shi kyau ba). Daga ranar na fara tafiya da jakar kwamfuta ko masallaci za ni.

Kawuna Sale dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu ta Wudil. Na yi masa shafin intanet, na jera hoton kowane sa da sunansa. Ya ji daɗi har ya nemo min aiki: 'yar amininsa, Hajiya Binta, tana da kamfanin manhaja a Kano, kuma tana neman ma'aikaci guda. Wallahi na ƙwallafa rai, har na ɗinka sabon yadi.

Ta zo ranar Juma'a, ranar kasuwa, muka zauna a rumfar Kawu, dillalai sun kewaye mu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "To Malam, mu ga aikin."

Maimakon in buɗe kwamfutata in tsira da mutuncina, sai na ce, "Ranki ya daɗe, duba a wayarki ma kawai." Na kwafo adireshin da kullum nake gani a saman allona, na karanto mata da ƙarfi.

Ta danna, shiru. Na ce sabis ɗin Wudil ne, sai haƙuri. Na karɓi wayar na ɗaga sama, na zaga bayan wani bijimi, na dawo. Shiru dai.

"Malam," in ji ta a hankali, "localhost fa ka ba ni. Wannan adireshin a cikin kwamfutarka kaɗai yake buɗewa. Ba ka ɗora shafin a intanet ba."

Ashe ɗora shi ake yi! Mu ranar da za a koya mana wannan, janareton makarantar ya ƙi tashi, aka wuce zuwa ɗaukar hoton yaye ɗalibai.

Kawu ya ce, "Binta, yi min da Hausa."

"Baba, shago ya gina maka mai kyau, amma a cikin ɗakinsa, kuma ya kulle ƙofa."

Kawu ya dube ni. "Wata biyu ke nan ina gaya wa fataken Legas su duba shanuna a waya. Kai kaɗai kake kallonsu?"

"Ni kaɗai, Kawu."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikin dai wani aka ba. Ni kuwa Hajiya Binta ta ce in zo in zauna kusa da ma'aikatanta in koya, kuma na je.

Yanzu duk abin da na haɗa, kafin in kira dattawa, sai na fara gwada shi a wayar maƙwabci.