Shaddar 'Yan Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da cin fuskar da Isufu ya yi mini: ya tashi aurar da 'yarsa ta fari, ya tsallake ni, ya ɗauko wani ɗan Chadi wai shi Abakar ya naɗa shi waliyyi. Ni da muka baro Maradi tare, muka raba katifa ɗaya a wani ɗaki a Paris, unguwar Goutte d'Or wanda in ka miƙe ƙafa sai ka shuri ƙofa! Yarinyar nan, Nana, ni na tauna dabinon da aka sa mata a baki. Isufu ba shi da ɗan'uwa a Faransa, kuma kowa ya san uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, sai ya wakilta na kusa. To wa ya fi ni kusa?

Laifin Lyon ne. Tun da ya samu aiki a masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen birnin Lyon, ya koma can, bakinsa bai huta ba: Abakar ya ce, Abakar ya yi. Ni kuwa sau ɗaya na ga mutumin na yanke hukunci. Dogo kamar falwaya, Hausarsa ta kasuwa, mace ma "shi" yake ce mata. Na ce wa Isufu, "Wannan in ya ba da 'yarka, liman zai ɗauka ɗa namiji ake aurarwa." Ya yi dariya ya kashe waya.

Ana cikin haka na ga Hajiya Rabi, matar Isufu, ta sa hoton wata shadda ruwan goro a waya, ta rubuta a ƙasa: "Inifom ɗin 'yan gida." Jama'a, jinina ya hau! Wato har kayan 'yan gida an fitar, ba a aiko mini ba? (Tambaya ɗaya da na yi da an huta. Amma mai fushi ba ya tambaya, bincike yake yi.) Na bi shagunan unguwar Château Rouge a nan Paris ɗaya bayan ɗaya da hoton a hannu har na samo ta. Na kai wa telana na ce, "Babbar riga, aiki har cibiya. So nake in na shiga, ɗan Chadin nan ya ji kamar shi ne baƙo."

Ranar biki da gangan na ƙi zuwa ɗaurin aure a masallaci, don kada in ji da kunnena yana cewa "na bayar". Na hau jirgin ƙasa na rana, na sauka Lyon, na wuce kai tsaye sal, wato zauren da ake walima. Rigar nan tana ƙara kamar sabuwar leda, turare kuwa har direban taksi ya sauke gilashi.

A bakin ƙofa akwai wani Bature mai gadi. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce an umarce shi duk mai wannan yadi a kai shi teburin gaba. Teburin gaba! Na ce a raina, Allah ya kama ka, Isufu. Na bi shi, hanci a sama, ina saɓa hannun riga, ba na kallon kowa, don manya ba sa waige-waige.

Guɗa ce ta dawo da ni duniya.

Na sauke ido. Dama da ni mace, hagu da ni mace, gabana mata, kowace cikin shadda ruwan goro, da ɗaurin kallabi kamar za su tashi sama. Can ɗaya ɓangaren maza ne zaune, kowa da kayan da ya ga dama, yawanci farare. Ashe maza ba su fitar da komai ba. Inifom ɗin na gwaggonnin amarya ne da ƙawayen uwarta.

Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta murza ta ce, "Hajiya, ina kallabinki?" Wata ta ce, "Ku bar ta, aikin wuyanta ya fi namu!" Kafin in juya, mai makirufo ta hango ni. "Masu inifom, fili naku ne! A fito da babbar yaya ta Paris!" Suka yi mini zobe. Kiɗa ya tashi. Wayoyi suka tashi. Amarya da kanta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, tana kirana baffa da Faransanci, tana cewa, "Wayyo, Tonton!" (Ban yi rawa ba. Abin da ke cikin bidiyon nan neman hanyar fita nake yi, kiɗan ne ya zo daidai da ƙafata.)

Kun san wa ya ratsa matan nan ya fitar da ni? Abakar. Isufu yana can ya kifa kai a tebur yana dukansa da hannu. Dogon nan ya yafa mini farar alkyabbarsa, ya ja ni waje, ya ce, "Alhaji, kar ka damu, mata nan shi ba ya da kunya." Ko gyara masa ban yi ba. Ya zaunar da ni kusa da shi a teburin waliyyai, ya zuba mini shayi, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna ni ya ce, "Wannan shi ne babba, ni aro ne." Abin ya ƙara ba ni haushi, don na so a ce mugu ne.

Darasin da na ɗauka ɗaya ne: in kishi ya kama namiji, ya nisanci tela da wayar matar abokinsa.

Da aka watse na tare Isufu a wajen ajiye motoci, yana ta share hawayen dariya. Na ce, "Isufu, ka yi mini laifi, kuma ban yafe ba. Mutuminka mutumin kirki ne, wannan ma ban yafe ba. Amma ka saurara: saura Hadiza, ƙanwar Nana. Ranar aurenta ni ne waliyyi. In ka sake ɗauko wani, wallahi zan zo da zani da kallabi, in zauna kusa da matarka, kuma a ranar rawa zan yi da gaske."